Tambayoyi da Amsoshi Kan Taron Musayar Dashe da Iri Tsakanin Masu Sha'awar Lambu

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu ƙaramin lambu a tsakar gida ko bayan gida, da masu renon furanni a tukwane, a duk lokacin da aka yi zancen haɗuwa domin musayar dashe da iri. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar dogon bayani, kuma kowace amsa tana iya tsayawa ita kaɗai.

1. Mene ne taron musayar dashe, kuma me ya raba shi da zuwa wurin masu sayar da dashe?

Taro ne da masu lambu suke haɗuwa a rana ɗaya, kowa ya zo da rarar abin da yake da shi, ko iri ne, ko reshen da aka yanko, ko dashen da aka rena a leda, sannan ya koma gida da abin da ba shi da shi. Ba a ciniki, kuma ba a auna darajar wannan da ta wancan.

Babban abin da ya raba shi da sayayya shi ne mai bayarwa ya san abin da ya bayar tun daga uwarsa. Ya san ko gwabar fara ce a ciki ko ja, ya san a shekara ta nawa ta fara 'ya'ya, ya san ko tana jure ƙishin bazara. Mai sayarwa a bakin titi sau da yawa shi ma sarowa ya yi, don haka ba lalle ne ya iya amsa waɗannan tambayoyi ba. A taron musaya kuwa, dashen yana tafiya ne tare da labarinsa, kuma wanda ya ba ka shi mutum ne da za ka sake gani, ka kuma iya komawa ka tambaye shi.

2. Shin wannan ba al'adar Turawa ba ce da ake son kwaikwaya?

Tsara shi a matsayin taro mai rana da wuri ya shahara a ƙasashen waje. A birnin Vancouver na Kanada an fara irin wannan taro na musayar iri a 1990, sannan a Brighton ta Ingila aka fara wani a 2002, kuma yana ci gaba a kowace shekara. To amma ainihin abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun da can mace tana aika yaro gidan maƙwabciya a sammata irin rama ko yakuwa, manomi yana roƙon irin gero a wurin wanda ya ga gonarsa ta yi kyau, kuma reshen lalle ko na zogale yana yawo gida-gida ba tare da an biya ko sisi ba. Abin da taro ya ƙara kawai shi ne haɗa mutane da yawa a lokaci guda, musamman a birane inda maƙwabci bai san abin da ke bayan katangar maƙwabcinsa ba.

3. Ni sabon shiga ne, ba ni da abin da zan kawo. Zan iya zuwa?

Za ka iya, kuma bai kamata kunya ta hana ka ba. Duk wanda ya daɗe da lambu ya san rara tana yi masa yawa: ƙwayar tumatir ɗaya tana ɗauke da irin da ya fi ƙarfin tsakar gida, na'a-na'a kuma tana cika fangali har sai an tuge ta. Tsofaffin hannu suna neman wanda zai karɓa ne. Idan kana son ka riƙo wani abu, tsofaffin ledojin ruwa da aka wanke, da gwangwanaye, da ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu, da buntun shinkafa, duk abubuwa ne da ake maraba da su. Wanda ya ɗauko tabarmi ko ya kawo ruwan sha ma ya yi gudummawa.

4. Wane lokaci ne ya fi dacewa a yi taron?

A yawancin arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, lokuta biyu ne suka fi amfani. Na farko shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna sosai, domin shi ne lokacin dashen itatuwa da kafa rassa. A Kano da Katsina wannan yakan faɗo ne a watan Yuni zuwa farkon Yuli, a Maraɗi da Damagaram yakan ɗan jinkirta, a Kaduna da Jos kuwa ruwa yakan riga sauka tun Afrilu ko Mayu. Na biyu shi ne ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, lokacin da ake yayyafin tumatir da albasa da latas da karas da kabeji domin su ci moriyar sanyin hunturu.

Lokacin da ya kamata a kauce masa shi ne tsakiyar bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi yake haura digiri 40 a wurare da yawa. Dashen da aka tuge a irin wannan lokaci yakan yi yaushi tun kafin a kai shi gida. Idan dole ne a haɗu a lokacin, a taƙaita musayar ga busasshen iri. A ranar taron kuma, da hantsi ko bayan la'asar ya fi, a ƙarƙashin inuwa.

5. Waɗanne tsirrai ne suka fi sauƙin musaya?

Waɗanda suke kamawa daga reshe su ne kan gaba: zogale, lalle, shuwaka, rumman, inabi, rogo, da yaɗon dankalin Hausa. Sai waɗanda ake raba su daga gindi, kamar na'a-na'a, ciyawar shayi mai ƙamshin lemo, ayaba, gwaza da zabuwa. Sai kuma irin kayan miya da aka saba ajiyewa, wato kuɓewa, rama, yakuwa, lalo, alayyafo, kabewa, ɗoɗɗoya, barkono da gauta. Furannin ado ma suna shiga, kuma galibinsu daga reshe ake kafa su.

A lura da bambancin yanayi. Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, kuma abin da ya yi kyau a sanyinta ba lalle ne ya rayu a Sakkwato ko Maiduguri ba. Wanda ya zo da dashe daga can ya faɗa a fili, kamar yadda aka bayyana a amsa ta 10.

6. Yaya zan shirya reshe ko dashe kafin ranar taro?

Mafi kyau shi ne a fara shiri makonni huɗu zuwa shida kafin ranar, domin a kai dashen da ya riga ya yi saiwa maimakon ɗanyen reshe da aka yanko da safe. A zaɓi reshen da ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, a yanka shi da wuƙa mai kaifi mai tsabta a ƙasan gaɓa, tsawon kamar taƙi ɗaya, a cire ganyen ƙasa a bar biyu ko uku a sama. A soka shi cikin leda mai huji a ƙasa, wadda aka cika da yashi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa, a riƙa ba shi ruwa daidai yadda ƙasar za ta kasance da laima ba tare da ta jiƙe sharkaf ba. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona sabuwar saiwa.

Zogale daban yake, domin shi babban reshe yake so, mai tsawon kusan mita ɗaya da kaurin da ya kai na sanda, kuma ana iya kai shi taro haka nan a kafa shi kai tsaye. A yi wa ƙarshen da zai shiga ƙasa alama, saboda reshen da aka kafa a kife ba ya kamawa. Zabuwa da danginta masu ruwa a ganye kuma ana barin inda aka yanke ya bushe na kwana biyu kafin a binne. A daren taro a shayar da dukkan dashen, a jera ledojin a kwali ko kwando yadda ba za su kife a hanya ba.

7. Yaya ake tara iri a adana shi, kuma ta yaya zan san yana da rai?

Ana ɗaukar iri ne daga shukar da ta fi lafiya, ba daga ragowar da aka rasa yadda za a yi da ita ba. Kuɓewa da rama da yakuwa ana barin su su bushe a jikin uwa. Tumatir ana barin sa ya nuna sosai, a matse 'ya'yan tare da ruwansu a kofi, a bari kwana biyu ko uku har yauƙin da ya lulluɓe su ya saki, a wanke, a shanya a inuwa mai iska. Shanya iri a kan kwano cikin rana tsaka tana iya kashe shi. Idan ya bushe ƙayau, a zuba a takarda, a sa cikin kwalba mai murfi tare da ɗan toka, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Laima da zafi su ne suke cinye ransa.

Ba kowane iri ne yake daɗewa ba. Na albasa yana saurin mutuwa, da wuya ya wuce shekara ɗaya da ƙarfinsa a yanayinmu, alhali na tumatir yana iya kai shekaru uku ko huɗu idan ajiyar ta yi kyau. Gwajin yana da sauƙi: a ƙirga ƙwaya 10, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a ɗaki ana yayyafa ruwa na tsawon mako ɗaya zuwa kwana 10. Idan takwas suka tsiro, irin yana da kyau. Idan huɗu ne, ana iya bayarwa amma a gaya wa mai karɓa ya yi yayyafi da kauri. Ƙasa da haka, bai cancanci a kai shi taro ba.

8. Na sayi irin tumatir na kanti ya yi kyau ƙwarai. Zan iya tara 'ya'yansa in raba?

A duba jikin fakitin. Idan an rubuta F1, to iri ne da aka samar ta hanyar haɗa iyaye biyu daban-daban, kuma kyawunsa na shukar farko ne. 'Ya'yan da aka tara daga gare shi za su tsiro, amma za su fito a warwatse, wani dogo wani gajere, wani mai yawan 'ya'ya wani maras kirki. Raba irin wannan ba laifi ba ne idan an faɗi gaskiya, sai dai ba daidai ba ne a kira shi da sunan da ke jikin fakiti.

Irin da ya fi dacewa da musaya shi ne wanda yake maimaita kansa shekara bayan shekara, kamar irin gida da aka gada, da sanannun iri irin su albasar Galmi ta jihar Tawa a Nijar. Ko su ma suna gaurayuwa idan an shuka iri biyu kusa da juna. Barkono mai yaji da tattasai, ko kabewa iri biyu, ƙudan zuma yana iya haɗa su, sai a ga abin mamaki a shekara mai zuwa.

9. Me ya sa ake yawan samun ɓacin rai a kan mangwaro da dabino da gwanda?

Saboda a kansu ne kuskure yake ɗaukar shekaru kafin ya bayyana. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekaru biyar zuwa takwas kafin ya yi 'ya'ya, kuma idan ƙwallon na manyan nau'o'in nan ne da ake aurawa, wato ake haɗa reshensu a kan karan wani ƙaramin dashe su zama itace ɗaya, ba lalle ne ɗan ya gaji uwarsa ba. Wanda aka aura kuwa yakan fara a shekara ta uku ko ta huɗu, da irin 'ya'yan da aka yi niyya. Ana gane ɗan aure da tabon haɗi a ƙasan kara. Saboda haka mai kyakkyawan mangwaro ko lemo ya fi taimakon mutane idan ya kawo ƙananan rassa domin aure, musamman idan akwai wanda ya iya aikin da zai nuna wa sauran a wurin. Irin wannan nuni yakan zama abin da aka fi tunawa da shi a taro.

Dabino yana da namiji da mace. Wanda aka shuka daga ƙwallo, kusan rabi maza suke fitowa, kuma ba a ganewa sai ya yi fure bayan shekaru. Hanyar tabbas ita ce ciro ɗan da ya fito a gindin uwar da aka san 'ya'yanta. Gwanda ma tana da namiji da mace da mai haɗa duka biyun, don haka kada a ba mutum dashe ɗaya tak. A ba shi uku ko huɗu ya dasa, in sun yi fure ya zaɓi na bari.

10. Me ya kamata in rubuta a jikin abin da na kawo?

Sunan tsiron yadda aka san shi a yankin, da garin da aka rena shi, da watan da aka tara irin ko aka kafa reshen, da ko rana yake so ko inuwa. Idan akwai aibi, a rubuta shi: yana yaɗo da yawa, ko ba ya jure bazara, ko daga ƙwallo ne ba aure ba. A yi amfani da fensir a kan guntun roba, domin tawada tana gogewa da ruwa da rana. Wanda bai san sunan abin da ya kawo ba ya ce bai sani ba, ya kuma nuna hoton uwar a wayarsa. A ganina wannan ɗan rubutu ya fi girman dashen muhimmanci, domin shi ne yake sa a yarda da kayan mutum a taro na gaba.

11. Ta yaya za mu hana yaɗuwar cuta da ƙwari ta hanyar musayar?

Wannan shi ne haɗarin da ya fi kowane girma, domin tukunya ɗaya tana iya kai annoba gidaje goma a yini guda. Masu noman tumatir ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan mai haƙa cikin ganye, wadda manoma suke kira sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ƙwan wannan tsutsa yana iya bin dashe ba tare da ido ya lura ba. Haka cutar da take sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance, ta cikin karan da ake dasawa take tafiya daga gona zuwa gona.

A ware mutum biyu masu ido su tsaya a bakin shiga suna duba kaya. A juya bayan ganye a nemi fararen ƙudaje ƙanana, da ƙwarin da suke taruwa kamar auduga a gaɓoɓin gwanda da mangwaro, da zane-zanen tsutsa a cikin ganye. A zare dashe ɗaya daga leda a dubi saiwar. Idan ta yi ƙulli-ƙulli a tumatir ko kuɓewa, akwai ƙananan tsutsotsin ƙasa, kuma ƙasar ledar kanta ta gurɓata. Abin da aka ƙi karɓa a ɗaure shi a leda a fitar, kuma a yi wa mai shi bayani a keɓe, cikin mutunci, ba a gaban jama'a ba. Sauran kariyar tana hannun mai karɓa, kamar yadda yake a amsa ta 15.

12. Akwai abin da ba a so a kawo gaba ɗaya?

Akwai tsirran da suke fin ƙarfin mai su. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, kuma babu dalilin ɗaukar ta ko kainuwa a matsayin ado zuwa sabon wuri. Ƙasar da ke da aya-aya ma a guje ta, domin idan ta shiga fangali fitar da ita aiki ne na shekaru. Sai masu guba, irin su zaƙami da zurma da bini-da-zugu da tinya. Zaƙami kada ya shigo taro sam. Sauran, idan wani yana bukatarsu don shinge, a rubuta gargaɗi a jiki, a kuma tambayi mai karɓa ko yana da ƙananan yara ko awaki a gida.

13. Yaya ake rabon don kada a yi wawaso ko wani ya ji an ƙware shi?

Hanyar da ta fi zaman lafiya ita ce zagaye. A jera komai a kan tabarmi ko tebur bisa nau'i, a ba mutane lokaci su zagaya su gani su yi tambaya, sannan a zagayen farko kowa ya ɗauki abu ɗaya, a na biyu ya ɗauki biyu, daga nan a saki sauran ga mai so. A fara da dattijai da baƙi. Idan abu ɗaya ne mutane da yawa suke so, a yi ƙuri'a, sannan mai shi ya rubuta sunayen waɗanda ba su samu ba domin ya rena musu kafin haɗuwa ta gaba.

Tsarin a ba ni ɗaya in ba ka ɗaya yana da kama da adalci, amma yana korar sababbi, kuma yana jawo gardama a kan ko ɗan mangwaro mai aure daidai yake da ƙullin irin alayyafo. Gara a bar lissafi. Abin da ya rage a ƙarshe a kai wa makaranta ko masallaci ko asibitin unguwa da ke da mai ba shi ruwa.

14. A ina za a yi, kuma yaya za a yi da mata da dattijan da ba sa fita?

Harabar makaranta a ranar hutu, ko lambun wani daga cikin mahalarta, ko babban tsakar gida, duk sun wadatar muddin akwai inuwa da ruwa, kuma an sanar da mai unguwa. Yin sa a lambun mutum ya fi armashi, saboda ana ganin uwayen dashen da ido, kuma idan ana juya masaukin daga gida zuwa gida, zumuncin yakan wuce ranar taro ya kai ga gaisuwar suna da ta rashin lafiya.

Yawancin irin kayan miya na gargajiya a hannun mata yake, a ƙulle cikin tsumma ko a ƙwarya, kuma taron da ya bar su a baya ya yi asarar rabin dukiyarsa. A wasu unguwanni ya fi dacewa mata su yi nasu zaman a cikin gida, maza a waje, ana miƙa kaya tsakani. Wadda ba za ta fito ba tana iya aiko da nata tare da bayani, a mayar mata da rabonta. Idan aka sami tsohuwa ko tsoho mai sanin iri, a ba shi wurin zama mai kyau, a tambaye shi da ladabi: “Baba, wannan kuɓewar kwana nawa take yi kafin ta fara?” ko “Inna, yaya kike ajiye irin lalonki ƙwaro bai taɓa shi ba?” Shayi ko zoɓo da ɗan abin taɓawa sun isa, domin idan aka mayar da taron walima, masu ƙaramin ƙarfi za su ji nauyin karɓar baƙunci.

15. Na dawo gida da dashe. Me zan fara yi?

Kada a haɗa shi da sauran shuke-shuke nan take. A ajiye shi a gefe, a inuwa, na tsawon mako biyu, ana duba bayan ganyensa kowane kwana biyu ko uku bisa alamomin da aka lissafa a amsa ta 11. Bayan haka a riƙa fito da shi rana kaɗan-kaɗan, sannan a dasa da yamma, a yage ledar a hankali ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba, a shayar sosai, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa karan ba saboda gara. Itace kuma a yi masa kariya daga awaki tun ranar farko, a kuma nisanta shi daga katanga da masai.

16. Ana iya sayarwa a wurin, ko a kawo dashe daga wata ƙasa?

Gara a raba biyun. Da zarar kuɗi ya shigo, masu kyauta sukan janye. Idan akwai mai sana'ar renon dashe a cikin mahalarta, ya kawo nasa na musaya kamar kowa, mai son ciniki ya same shi a wurin sana'arsa. Sayar da iri a matsayin kasuwanci yana ƙarƙashin kulawar hukumar kula da irin shuka ta ƙasa a Nijeriya, wato NASC. Mai neman ingantaccen iri da yawa ya nufi cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ko cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT mai reshe a Bagauda, ko cibiyar binciken aikin gona ta INRAN a Nijar.

Tsallake iyakar ƙasa da dashe, musamman mai ƙasa a gindinsa, yana bukatar izini da takardar shaidar lafiyar tsiro, kuma a Nijeriya hukumar NAQS ce take kula da wannan. Kusancin Katsina da Maraɗi bai ɗauke wannan ƙa'ida ba, haka ma tsarabar da matafiyi ya ɓoyo a jaka daga ƙasa mai nisa.

17. Dashen da aka ba ni ya mutu. In faɗa wa wanda ya ba ni, ko in yi shiru?

A faɗa masa. Mutuwar dashe abu ne da yake faruwa ga kowa, har da ƙwararru, kuma mai bayarwa yana bukatar ya sani ko matsalar daga wurinsa take. A gaya masa kwana nawa ya yi, ko ruɓewa ya yi daga gindi ko bushewa daga sama, da irin ƙasar da aka sa shi. Ruɓewa galibi yawan ruwa ne ko rashin huji a leda, bushewa kuma saurin fitar da shi rana ne ko gara. Idan mutum uku suka karɓa daga uwa ɗaya duk ya mutu musu iri ɗaya, mai ita ya koma ya duba uwar kafin ya sake yankar reshe a jikinta.